Bizar Aiki Ga Ma'aikatan Jiragen Sama: Wace Ƙasa Ta Dace Da Wa?

A cikin shekarar da ta gabata, mutum uku masu aikin jiragen sama a nan Abuja sun zo mini da tambaya guda, kowa a lokacinsa, saboda sun san na daɗe a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfanin jirage kafin in yi ritaya. Na farko injiniya ne da ya shekara 11 yana gyaran Boeing 737 a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Na biyu ɗan yayata ne, wanda ya gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da lasisin tuƙin jirgin kasuwanci da awa 200 da 'yan kai, ya dawo gida Lugbe yana zaman jiran kira. Ta uku 'yar maƙwabcina ce, mai kula da fasinjoji a cikin jirgi a wani kamfani na cikin gida. Dukkansu so suke su san ƙasar da bizar aikinta ta fi sauƙin samu. Amsa uku na bayar, domin a wannan sana'a sauƙin biza yana bin irin aikin da mutum yake yi da lasisin da ke aljihunsa, fiye da yadda yake bin sunan ƙasa.

Wanda ya tsaya a tagar ɗakin jiran fasinjoji ya dubi jiragen da ke fake, zai ga kowanne yana da lambar rajista a kusa da wutsiya. Na Najeriya suna farawa da 5N, na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da A6, na Katar da A7, na Birtaniya da G, na Amurka kuma da N. Bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifar da ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ƙasar da ta yi wa jirgi rajista ita ke da ikon cewa wane ne zai tuƙa shi, dole lasisinsa ya zama nata ne ko kuma wanda ta amince da shi a rubuce. Saboda haka lasisin da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta ba matuƙi ko injiniya, komai nagartarsa, na jiragen 5N ne. Idan zai taɓa jirgin wata ƙasa, hanya biyu ce a gabansa: ko hukumar can ta ba shi takardar amincewa ta wucin gadi a kan lasisinsa na gida, ko kuma ya sake zama jarrabawa a sauya masa lasisin gaba ɗaya. Sai lasisi ya daidaita kamfani zai yi tayin aiki, sai da tayin aiki kuma yawancin bizojin da zan ambata suke fitowa. Mutanenmu da dama daga biza suke farawa, shi ya sa kuɗinsu ke ƙarewa a hannun 'yan ejan tun ba a je ko'ina ba.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf su ne suka fi buɗe ƙofa, kuma dalilin a fili yake: kamfanoninsu sun fi ƙarfin yawan 'yan ƙasarsu, dole su ɗauko baƙi. A Dubai da Abu Dhabi da Doha, ma'aikaci ba ya neman biza da kansa. Kamfani ne ke ɗaukarsa, ya nema masa izinin shiga, in ya sauka a yi masa gwajin jini da hoton ƙirji don ƙanjamau da tarin fuka, a ɗauki zanen yatsunsa, sannan a ba shi izinin zama da katin shaida. A Daular Larabawa izinin zaman ma'aikaci yawanci na shekara 2 ne, ana sabunta shi muddin aikin na nan, kuma dokar ƙwadagon ƙasar ta hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗin ɗaukarsa aiki. Ba a cire harajin albashi. Idan mutum ya bar aiki bayan ya cika shekara, yana da giratuti na albashin kwana 21 a kan kowace shekara a shekaru 5 na farko, daga nan kuma kwana 30. Mai albashin Dirhami 4,000 a wata, ko 3,000 tare da gidan kamfani, yana iya ɗauko iyalinsa.

Ga 'yar maƙwabcina, wannan ce hanya mafi kusa, kusan ma in ce ita kaɗai. Emirates da Qatar Airways suna ɗaukar masu kula da fasinjoji daga ƙasashe da yawa, kuma sharuɗɗansu ba boyayyu ba ne: shekara 21, shaidar gama sakandare, Turanci mai kyau a baki da a rubuce, da iya miƙa hannu ya kai santimita 212 idan mutum ya yi ɗage. Na ga yarinyar da idona ta sa mahaifinta ya auna bangon falo da awon tela ya yi alama da alli, tana ɗage tana taɓawa, ƙannenta na dariya. Ba a tambayarta lasisin Turai ko na Amurka, kamfanin ne zai horar da ita ya nema mata shaidar hukumar can, ya ba ta masauki da motar kai ta aiki. Abin da na ce iyayenta su auna shi ne zaman da za ta yi a gidan kamfani mai dokoki, nesa da dangi, da kuma batun tufafin aiki da raba giya ga fasinjoji, wanda yake cikin aikin a waɗannan kamfanoni biyu, kuma gida irin nasu ba zai ɗauke shi da wasa ba.

Matuƙi kuwa sai ya tara awoyi. Manyan kamfanonin yankin suna neman mataimakin matuƙi da ya kai awa 1,500 zuwa 2,000 ko fiye, mafi yawansu a kan manyan jirage masu matuƙa biyu, da Turancin sadarwa da bai gaza mataki na 4 na ICAO ba, da shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, sannan a gwada shi a na'urar kwaikwayon tuƙi kafin a yi maganar kwantiragi. Wanda ya cika waɗannan, sauya lasisinsa a can ya fi na Turai sauƙi nesa ba kusa ba, domin kamfanin ne ke jan ragamar aikin. Injiniya shi ma yana da wuri, amma da wani sharaɗi da ya kamata ya sani tun daga gida. Tsarin lasisin gyaran jirgi na Daular Larabawa da Katar an gina shi ne a kan tsarin Turai, don haka mai riƙe da lasisin EASA, hukumar jiragen sama ta Tarayyar Turai, yana gaba a layi. Injiniyan da yake sa hannu ya saki jirgi a Abuja yana iya samun kansa a can a matsayin makanike mai riƙe sifana, wani ne zai duba aikinsa ya sa hannu, har sai ya ci jarrabawar hukumar. Albashin matakan biyu ba ɗaya ba ne, kuma ga mutumin da ya saba a kira shi oga a rumfar gyara, saukowar tana da ciwo.

Raunin Gulf guda ne, amma babba. Izinin zama yana rataye ne a wuyan aiki. Ranar da aka sallami mutum ko kamfani ya rage ma'aikata, kamar yadda aka gani a 2020 lokacin annobar korona, kwanakin da za a ba shi ya sami wani aiki ko ya tattara ya tafi ƙididdigaggu ne, ko da yaransa suna tsakiyar zangon karatu. Shekara 20 a can ba ta mai da baƙo ɗan ƙasa, ɗan da aka haifa masa a can ma baƙo ne. Katar ta soke sharaɗin neman yardar mai gida kafin sauya aiki a 2020, Saudiyya ma ta sassauta tsarin kafili a Maris ɗin 2021, amma asalin ginin bai canja ba. Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin haɗari na siyasa: daga ƙarshen 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, Emirates ta janye jiragenta saboda kuɗaɗenta da suka maƙale a nan, ba a sake buɗe bizar ba sai 15 ga Yulin 2024, jiragen kuma suka dawo Legas a Oktoban shekarar. Duk wanda tayin aikinsa ya faɗo a wancan tsakani, ta leƙo ta koma ke nan.

Saudiyya tana da wuri na dabam a zuciyar Bahaushe, kuma sau da yawa na ji ma'aikaci yana cewa ko albashin bai kai na Dubai ba, kusanci da Makka da Madina ya ishe shi riba. Ban ƙi wannan ba. Ƙasar tana faɗaɗa harkar jirage, ta kuma sanar da sabon kamfanin Riyadh Air a Maris ɗin 2023. Sai dai a daidai wannan lokaci ne take mayar da ayyukan ga 'ya'yanta: daga Maris ɗin 2023 aka keɓe aikin mataimakin matuƙi da jami'in hasumiya da mai tsara tashin jirage ga 'yan ƙasa, daga Maris ɗin 2024 kuma aka ce kashi 70 cikin 100 na manyan matuƙa da kashi 60 na masu kula da fasinjoji su zama Saudawa a kamfanonin da dokar ta shafa. Kyaftin mai gogewa da injiniya mai lasisi har yanzu suna da dama, ƙaramin matuƙi kuwa kada ya ɓata lokacinsa. Mai niyyar ɗauko iyali ya sa a lissafinsa cewa ana biyan Riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa. Ba sai na tsawaita a kan masu shiga da bizar Umara su maƙale suna neman aiki ba, domin filin jirgi wuri ne na tsaro, ba a ba marar igama katin shiga ko da na shara ne.

Birtaniya ita ce mutanen Abuja suka fi ambata, saboda harshe da dangi, amma ƙofarta ta ƙuntata sosai. Bizar ƙwararrun ma'aikata, wadda aka fara a Disamban 2020, tana buƙatar kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi ya ba mutum takardar ɗaukar nauyi. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa Fam 38,700 a Afrilun 2024, ya sake tashi zuwa Fam 41,700 a ranar 22 ga Yulin 2025, a ranar ce kuma aka ɗaga matakin ayyukan da ake ba bizar zuwa na masu digiri. Wannan ya fitar da masu kula da fasinjoji da masu aikin ƙasa. Ayyukan hannu da aka yi wa togaciya suna cikin wani jeri na wucin gadi, kuma wanda ya shiga ta wannan jeri ba zai tafi da iyali ba, don haka makaniken jirgi ya fara duba lambar sana'arsa a shafin gwamnatin kafin ya kashe ko sisi. Daga Janairun 2026 matakin Turancin da ake nema ya hau daga B1 zuwa B2. Ɗan Najeriya kuma sai ya kawo shaidar gwajin tarin fuka daga asibitin da suka amince da shi.

Kuɗin shiga ma ba kaɗan ba ne. Harajin kiwon lafiya Fam 1,035 ne a shekara ga babba, Fam 776 ga yaro, kuma a dunƙule ake biya tun kafin a tafi. Na zauna da injiniyan nan a wurin mai shayi da ke hanyar shiga filin jirgi, muka yi lissafin a bayan takardar kuɗin wuta: shi da matarsa da yara biyu, shekara 3, Fam 10,866, ban da kuɗin bizar kanta da tikiti da haya. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya ce, "Yallaɓai, ai wannan kuɗin fili ne a Kuje." A kan wannan kuma ga batun lasisi. Tun da Birtaniya ta fita daga hukumar EASA a ƙarshen 2020, lasisinta ya zama nata ita kaɗai, daga farkon 2023 kuma ko lasisin Turai ba ya aiki a kan jirgi mai lambar G. Ladan wahalar shi ne izinin zama na dindindin bayan shekara 5, amma a Mayun 2025 gwamnatin ta fito da shirin mayar da shi shekara 10 ga mafi yawan baƙi, saboda haka wanda zai gina lissafinsa a kan 5 ya yi hattara.

A Tarayyar Turai, matuƙi ɗan Najeriya yana fuskantar katanga biyu. Ta farko ita ce jarrabawar rubutu 13 ta lasisin EASA da gwajin lafiya da gwajin tuƙi, aikin da ke cin watanni da kuɗi masu yawa. Ta biyu, wadda ta fi tsayi, ita ce kusan duk tallan aikin matuƙa a Turai yana ɗauke da sharaɗin cewa mai nema ya riga ya mallaki izinin zama da aiki a ƙasashen Tarayyar, wato kamfanin ba shi da niyyar nema wa kowa biza. Na san waɗanda suka sayar da kadara suka ci jarrabawar duka, suka dawo da lasisi mai kyau da ba su da ƙasar da za su yi aiki da shi. Lasisin bai zama asara gaba ɗaya ba, yana ƙara musu daraja a Gulf da wasu kamfanonin Afirka, amma ba don haka suka kashe kuɗin ba.

Ga injiniya labarin ya sha bamban, kuma a nan ne nake ganin Turai ta cancanci a tsaya a kanta. Rumfunan gyaran jirage suna ƙarancin hannu, kuma lasisin da ake kira Part-66, mai rukunin B1 na injin da gangar jirgi da B2 na lantarki da na'urori, ana cin jarrabawarsa kashi-kashi, mutum yana kan aikinsa a gida yana tarawa. Ailan ita ce ta fi dacewa da mai Turanci: tana cikin EASA, tana da wuraren gyara a Dublin da Shannon, kuma izinin aikin da aka fi nema a can iri biyu ne, na gama-gari da na sana'o'in da ake tsananin buƙata, wanda mai shi yake samun damar aiki ba tare da izini na musamman ba bayan shekara 2. Jamus tana da babbar cibiyar Lufthansa Technik a Hamburg, ta kuma kafa dokar shigo da ƙwararru a Maris ɗin 2020. Mai digirin injiniya yana iya neman Shuɗin Kati, wato izinin zama da aiki na ƙwararru, wanda ke kai shi ga zama na dindindin a wata 27, ko wata 21 idan Jamusancinsa ya kai matakin iya harshe na B1. Daga 1 ga Yunin 2024 kuma aka ƙara katin Chancenkarte, wanda ke ba mutum shekara guda ya je neman aiki da kansa, yana ɗan aikin awa 20 a mako, muddin ya tara maki 6 ko an amince da takardunsa, ya kuma nuna kuɗin ciyar da kansa sama da Yuro 1,000 a kowane wata. Wannan na cikin hanyoyi ƙalilan da ba sa jiran tayin aiki. Kuɗinsa shi ne koyon Jamusanci, domin ko da littattafan gyara da Turanci suke, rayuwar gari da ta ofisoshin gwamnati ba da shi ake yi ba.

Kanada ta bambanta da duk waɗannan ta fuska guda: mutum yana iya samun izinin zama na dindindin tun yana Abuja, ta tsarin Express Entry da aka fara a Janairun 2015, ba tare da wani kamfani ya ɗauke shi ba. Maki ake tarawa ta shekaru da karatu da jarrabawar harshe da gogewar aiki. Makin shekaru ya fi yawa daga 20 zuwa 29, yana raguwa har ya ƙare a 45, wanda hakan ke cutar da gogaggen kyaftin da injiniya, mutanen da sana'ar ta fi buƙata. A 2023 an ware rukuni na musamman ga ma'aikatan sufuri, har da matuƙa da makanikan jirgi, a Fabrairun 2025 aka cire shi, abin da ke nuna cewa jerin yana juyawa daga shekara zuwa shekara, dole a duba na lokacin da za a nema. Ɗaya hanyar ita ce izinin aiki ta hannun kamfani, bayan kamfanin ya gamsar da gwamnati cewa bai sami ɗan ƙasa ba, ya kuma biya Dalar Kanada 1,000 da doka ta hana ya karɓa daga ma'aikaci. Ta kowace hanya aka shiga, sai an nemi lasisin hukumar sufurin Kanada, kuma sau da yawa aikin farko a ƙananan kamfanonin arewacin ƙasar yake, inda sanyin Jos na watan Janairu zai zama abin kewa. Harajin albashi yana da nauyi, abin da zai rage a aiko gida bai kai na Gulf ba. Amma bayan kwana 1,095 na zama a cikin shekara 5 mutum yana iya neman zama ɗan ƙasa, kuma rasa aiki ba ya korar mai izinin dindindin. Wani abu da ya shafi gidajenmu kai tsaye: Kanada da Birtaniya da ƙasashen Turai mace ɗaya suka sani a takardar iyali, mai mata biyu ya san da wannan tun kafin ya cike fom.

Amurka ba na ba kowa shawararta a halin yanzu, duk da cewa albashin matuƙanta ya fi na ko'ina jan hankali. Babu wata biza da aka tanada don matuƙa. Bizar ƙwararru ta H-1B tana da gurbi 65,000 a shekara da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in Amurka, ana neman aikin da sai da digiri ake yinsa, tuƙin jirgi kuma ba kasafai yake shiga wannan ma'auni ba, sannan a Satumban 2025 aka ɗora Dala 100,000 a kan sababbin buƙatu. Bizar E-3 da wasu ƙananan kamfanonin Amurka suka ɗauki matuƙa da ita ta 'yan Ostireliya ce kaɗai. An cire Najeriya daga cacar katin zama tun zagayen 2015. Mataimakin matuƙi a kamfanin fasinja sai da awa 1,500, dokar da ta fara aiki a 2013 bayan haɗarin jirgin Colgan Air na 2009, aikin hasumiya kuma na 'yan ƙasa ne. A kan duk wannan, a Disamban 2025 aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar ƙaura da ta ziyara da ta karatu daga 1 ga Janairun 2026, har da bizar M da ake zuwa makarantar tuƙi da ita. Bizar C-1/D da wasu ke gani a fasfon ma'aikatan jirgi su ɗauka ta aiki ce, izini ne kawai na sauka da komawa tare da jirgin kamfanin waje.

Ostireliya tana da biza mai lamba 482, wadda aka sabunta a Disamban 2024, ta shekara 4 ta hannun kamfani, tana kuma kai wa ga zama na dindindin bayan shekara 2 idan mutum bai kai 45 ba. Tana da kyau ga injiniya mai lasisi, sai dai nisa da sake jarrabawar CASA, hukumar jiragen sama ta ƙasar.

Saura ɗan yayata mai awa 200. Da na gama zayyana masa duk wannan, ya ce, "Kawu, to ni ina na faɗa?" Gaskiyar ita ce bai faɗa ko'ina ba tukuna. Babu ƙasar da za ta ba baƙo bizar aiki don ya zo ya koyi abin da 'ya'yanta masu irin awoyinsa suke layi a kai. Abin da ke gabansa shi ne ya sami kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, a kamfanin gida, ko koyarwa a makarantar tuƙi, ko ƙananan jiragen haya, har ya kai 1,500 ya karɓi babban lasisi. Idan kuma zai leƙa waje, maƙwabta ne suka fi kusa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90, da haƙƙin neman izinin zama da aiki, kuma akwai kamfanoni irin su ASKY a Lome da Africa World Airlines a Gana da Air Côte d'Ivoire a Abijan. Hukumomin yankin sun san lasisin NCAA, har ma ofishin BAGASOO mai daidaita ƙa'idojin tsaron jirage na wasu ƙasashen yankin a nan Abuja yake. Albashin ba zai sa a yi biki ba, amma awa ɗaya a sararin Lome daidai take da awa ɗaya a sararin Landan a cikin littafin tashi.

Injiniyan kuma na ce masa ya raba tafiyar biyu, domin shekarunsa 38, kuma abin da yake so shi ne yaransa su yi karatu a wuri guda ba tare da fargabar kora ba. Ya fara cin jarrabawar Part-66 yana kan aikinsa, ya karɓi aikin Gulf idan ya samu don tara kuɗi da gogewa a kan sababbin jirage, amma ya shigar da takardun Ailan ko Kanada tun yana can, kada ya bari makin shekaru ya zube. Da burinsa gina gida a Abuja ne ya dawo bayan shekara 10, da na ce ya tsaya a Gulf ɗin kawai.

Takardun da kowannensu zai buƙata kusan iri ɗaya ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai wasiƙar tabbatar da lasisi daga NCAA, wadda hukumar waje ke so ta zo mata kai tsaye. Akwai littafin awoyin tashi ko na ayyukan gyara, da hatimin kamfani da sa hannun shugaban sashe a kowane shafi da ya kamata, da wasiƙar da ke nuna ba a taɓa samun mutum da laifi a haɗari ba, da takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Takardun makaranta sai an kai su Ma'aikatar Ilimi, a wuce da su Ma'aikatar Harkokin Waje a nan Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya buga nasa hatimin. Wanda kamfaninsa ya biya masa horon wani samfurin jirgi bisa alkawarin zai yi shekaru kaza, ya warware wannan alkawari da lalama kafin ya tafi, domin sabon kamfani zai tuntuɓi tsohon.

'Yar maƙwabcin nawa ta kusa faɗawa hannun wani ejan a Wuse, wanda ya nemi Naira miliyan 3 da fasfonta, ya ce zai samo mata bizar aiki a wani kamfanin jirage na Dubai cikin mako 3. Mahaifinta ya kawo mini takardar da aka ba su. Babu lambar kwantiragi, adireshin imel ɗin na kyauta ne irin wanda kowa ke buɗewa, kuma da na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa sai na ga bizar yawon buɗe ido ce ta kwana 60, wadda yin aiki da ita laifi ne a can. Muka tambayi mutumin lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ya ce yana ofishinsu na Legas. An karɓo fasfon da ƙyar, Naira 200,000 da aka bayar kafin alƙalami kuwa har yau ba su dawo ba. Daga baya ta cike fom a shafin kamfanin da kanta, ba ta biya kowa komai ba, yanzu tana jiran ranar da za a kira ta ganawa.